Gwamna, Ragon da Ya Yi Rarrafe

A gidanmu na unguwar Bolori, in an idar da sallar magariba aka ci tuwo, ba sai an kira kowa ba. Kaka Fanna za ta jawo kaskonta gindin bishiyar maina, wato darbejiya, ta hura gawayi, ta barbaɗa turaren wuta, ni da ƙanena Modu da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Turaren nan ba don ƙamshi kawai take sa shi ba. Gidanmu gidan tumaki ne, wanda ya taɓa zama kusa da turken rago ya san abin da nake nufi. Kaka Fanna ita ce ta haifi Babanmu. Hausarta a kasuwa ta koye ta, in kalma ta ƙi zuwa sai ta cike gurbin da Kanuri ta wuce abinta, wanda bai gane ba ya tambayi na kusa da shi.

Baba yadi yake sayarwa a kasuwa, kiwo ba sana'arsa ba ce. Sha'awa ce da ya gada. Kakanmu ne ya fara kai rago bikin nunin amfanin gona da dabbobi da ake yi bayan kaka, kuma a zamaninsa in aka kira na ɗaya a ragunan Balami, waɗannan farare masu dogon kunne da tudun hanci, sunan gidanmu ake ji. Kullum da sassafe yakan ja ragonsa har bakin kogi ya dawo, mutane suna yi masa dariya wai ya mai da rago abokin hira. Da ya rasu, Baba ya ci gaba da zuwa, mu ma ana tafiya da mu da sababbin kaya kamar ranar Salla. Sai dai na ɗayan nan ya ƙi Baba. Na biyu, na uku, na biyu. Har aka fara cewa a unguwa hannun kiwo ya bi tsoho kabari. Maganar nan ta ci masa rai fiye da yadda yake nunawa.

Shekarar da ta gabaci wadda zan ba da labarinta, yana da ragon da kowa ya ce zai ci. Ana gab da biki, Modu ya fita da shi yawo, ya yi karo da ragon maƙwabta, ƙahonsa guda ya karye. Baba ya ce ba karo ba ne, bakin mutane ne, kowa ya gan shi sai ya ce kai, kai, ba mai cewa masha Allah. Don haka da ya sami ɗan rago sabo, wanda muka sa wa suna Gwamna, sai ya share ɗakin ajiya na bayan gida, ya toshe tagar da buhu, ya sa kwaɗo. Ya rantse ba idon da zai ga ragon nan sai ranar biki. Ni da Modu kaɗai muke shiga da dusa da harawa da kowar wake da ruwan kanwa. Gwamna ya ci, ya kwanta, ya tashi, ya ci. Watanni suna wucewa yana cika ɗaki, mu kuma muna ta kumbura da alfahari, muna gaya wa ƙawaye muna da wani abu a gida amma an hana mu faɗa.

Kaka tana ganin duk abin da ake yi. Mace ce da ba za ta yi wa ɗanta faɗa a gaban 'ya'yansa ba, ko da gemunsa zai kama da wuta. Amma tana da nata hanyar. Wata yamma da sanyi ya fara shigowa, Baba yana kishingiɗe a tabarmarsa can gefe da rediyo a kunne, sai ta gyara zama ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga wata nan tafe, ta sha hanya,” in ji ta. Haka take buɗe tatsuniya.

“A shimfiɗa mata tabarma!” muka amsa.

Wai wani manomi ne ya tsinci ɗan barewa a bakin gona. Ya so shi kamar ransa. Da ya ji kukan kura da dare, sai tsoro ya kama shi, ya ɗauki ɗan barewar ya jefa cikin rumbu, ya rufe. Kullum yakan hau ya zuba masa ganyen wake ta sama, ya leƙa ya ce, ka ga, nan ba kura, ba ƙaya, ba maharbi. Uwar barewa takan zo bayan danga tana kira, manomi ya kore ta da dutse. Ɗan barewa ya girma, ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, har ba ya iya juyawa. Ran nan damina ta yi ƙarfi, rumbu ya jiƙe ya rushe. Sai ga kura tafe. Manomi ya yi ihu, gudu, ɗana, gudu! Ɗan barewa ya dube shi ya ce, Baba, mene ne gudu?

A nan Kaka ta tsaya ta juya gawayi, don ta san inda ake tsayawa a bar yaro da baki buɗe.

“Kurar nan ko gudu ba ta yi ba,” ta ce. “A hankali ta taho, har tana tsayawa tana sosa kunne. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To wanda ya faɗi haka bai ga ɗan barewar rumbu ba.”

Muka kwashe da dariya saboda yadda ta kwaikwayi kura tana sosa kunne. Baba ya rage muryar rediyo.

“Ya,” ya ce, haka yake kiran mahaifiyarsa, “tatsuniyar yau kamar tana da adireshi.”

“Yara nake ba wa, Bukar. In ka ji ta shigo kunnenka, ai kai ma ni na haife ka.” Sai ta juyo gare mu ta rufe kamar kullum: “Ta tashi, ta kaɗe zani, ta kama hanya.”

Baba ya yi dariya ya ƙara muryar rediyonsa. Ni ma, gaskiya, ban ɗauki komai ba sai kurar.

Ranar biki aka kawo a-kori-kura har ƙofar gida tun kafin gari ya waye sosai. Maza huɗu suka ɗaga Gwamna suka ɗora, aka lulluɓe shi da bargo. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa sai an ɗaga shi. An yi mini lalle, na sa atamfa sabuwa, Baba ya sha babbar riga da hula zanna. A filin, ga shanu, ga awaki, ga kabewa da damman gero an jera, ga mutane kamar an yi musu kiranye. Da aka yaye bargon, sai da wurin ya yi tsit. Fari fat, wuya kamar turmi. Na ji wani tsoho yana cewa hannun kiwon gidan nan bai mutu ba ashe. Na dubi Baba, na ga haƙoransa a waje, abin da na daɗe ban gani ba.

Alƙalan gasar suka zo, cikinsu har da likitan dabbobi. Ya buɗe bakin Gwamna ya duba haƙora, ya shafa bayansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “To Alhaji, a zagaya da shi fili mu ga tafiyarsa.”

Baba ya ja igiya. Gwamna ya ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Rana ta dalle masa ido, ya yi ta ƙifce-ƙifce, bai san ta ba. Ya yi 'yan taku, jikinsa yana rawa, sai ƙafafun gaba suka naɗe, ya durƙusa. Baba ya sake ja. Ragon nan, don biyayya, ya biyo shi a kan gwiwoyinsa, gindi a sama, yana jan ƙirji a ƙasa.

Wani yaro ne ya fara: “Ragon Alhaji yana gaida alƙalai!” Daga nan fili ya ɗauka. Ban taɓa jin dariya mai yawa haka ba, kuma ban taɓa fatan ƙasa ta tsage in shige ba kamar ranar. Baba ya koma bayan rago yana turawa, hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauka sai Modu. Likitan ya tsuguna ya ɗaga ƙafar Gwamna. Kofaton ya yi tsawo ya lanƙwashe sama saboda rashin taka ƙasa mai tauri, tsakaninsa duk ya ruɓe da danshin ɗaki. Bai ɗaga murya ba, amma ina kusa, na ji.

“Alhaji, yaushe rabon dabbar nan da ta fita waje?”

A baro aka fitar da Gwamna daga fili, muna biye, ina ɓoye hannuwana masu lalle cikin mayafi kamar su ne suka yi laifin. Kafin mu isa gida labari ya riga mu. An daɗe ana kwatance da mu a Bolori, ka wuce famfo, ka ga gidan rago mai rarrafe. A makaranta in na shigo aji sai wasu su durƙusa su yi mee. Gwamna bai ƙara miƙewa ba, aka yanka shi kafin ya lalace, aka rabar da naman, don ba wanda ya iya kai shi baki a gidanmu. Baba kuwa bai sake taka filin bikin nan ba. Abin da kakanmu ya fara, a kan gwiwoyin Gwamna ya ƙare.

Yammar ranar bikin, Kaka ta hura kaskonta kamar kullum, amma ba ta ce ga wata nan tafe ba. Muna zaune sai Baba ya taso, ba rediyo, ya zauna a bakin tabarmarmu ta yara. Ya daɗe yana kallon wuta.

“Ya, manomin nan,” ya ce. “Ai son ɗan barewar yake yi.”

“Wa ya ce ba ya sonsa?” in ji Kaka. Ta miƙa masa gyaɗa gasasshiya.

Na girma ina ɗaukar labarin nan a matsayin kunyar Baba. Nakan ba da shi a wurin aiki a yi dariya, in nuna ni ce yarinyar da ta ga komai ta gane komai. Allah ya ji ni, ya bar ni.

Na yi aure na koma unguwar Maisandari. Ɗana Kyari a shekarun da garin nan ba lafiya na haife shi, lokacin da ƙarar tayar mota in ta fashe sai kowa ya kwanta a ƙasa. Na rufe ƙofa, kuma ba na jin akwai uwar da za ta ga laifina a lokacin. Sai dai gari ya lafa, kasuwanni suka cika, yara suka koma ƙwallo a layi, ni ƙofata tana rufe. Mota ta kai shi makaranta, mota ta dawo da shi. Abinci, waya, talabijin, duk abin da ya nema yana samu a cikin katanga. In baƙi suka ce yaron nan akwai natsuwa, ga jiki tubarkalla, sai in ji daɗi har raina.

Bara aka yi sunan 'yar Modu a tsohon gidanmu. Kaka ta daɗe da rasuwa, bishiyar maina tana nan. Ana cikin hidima sukari ya ƙare, matar Modu ta waiga ta ga Kyari, wanda ya kusa kamo ni a tsawo, yana maƙale da gefen mayafina.

“Kyari, yi sauri shagon tsallaken titi ka karɓo mana sukari.”

Ya tafi har bakin zaure ya tsaya. Keke-napep suna wucewa, yara ƙanana waɗanda ba su kai rabinsa ba suna ratsa su da gudu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo tsakar gida, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce a gaban dangi duka, “Mama, yaya ake tsallakawa?”

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Mata suka sunkuyar da kai kan tukwanensu, ni kuwa na ji zafin nan da na ji a filin biki ya taso mini daga ƙafa har wuya. Wannan karon ba hular wani ce ta faɗi ba. Ni ce riƙe da igiyar.

Baba yana zaune gindin maina, gemu ya yi fari, ido ya rage gani amma kunne garau. Na jira ya faɗi maganar da na cancanta. Ashe ban da kiwon da ya gada wurin mahaifinsa, ya koyi wani abu a wurin mahaifiyarsa. Ya laluba sandarsa, ya miƙe da ƙyar.

“Kyari, zo ka riƙe ni. Ƙafata tana son taka ƙasa, kuma ba na ganin motocin nan. Kai za ka duba mana dama da hagu, in ka ce mu tafi, mu tafi.”

Na tsaya a bakin zaure ina kallonsu. Sun daɗe a bakin titi, tsoho yana jira, yaro yana ta waige-waige, ni ina danne ƙafafuna kada su bi su. A nan na gane abin da Kaka take nufi da ta ce wa ya ce ba ya sonsa. Duk shekarun nan ina zaton tatsuniyar a kan wauta take. Ashe a kan so take, irin wanda tsoro ya shiga cikinsa har mai shi ba ya iya bambance su. Kurar da manomi ya ji kukanta gaskiya ce, ba mafarki ya yi ba. Kuskurensa guda, ya manta rumbu ba ya dawwama.

Suka dawo da sukari, Kyari yana haki kamar ya dawo daga Makka, yana gaya wa kowa shi ya tsallakar da kakansa. Baba ya zo wucewa ta gabana, ya tsaya, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

“Yagana, ni sai da na kai nawa fili kafin in sani. Ke naki kofatonsa bai lanƙwashe ba tukuna. Gobe da safe ki buɗe ƙofar.”