Wutar Gidan Kaka Saraya

Bulus, ɗan kawuna, wanda yanzu sai an ce Rabaran yake juyowa, ya sace tatsuniyar kakarmu ya ba wani Bature. A gabana ya yi, cikin cocinmu na Tudun Wada, ina zaune a kan bencin da na yi wa walda da hannuna.

Gida ɗaya muka tashi da shi. In an gama cin tuwo, Kaka Saraya takan zauna gaban murhu tana gasa gyaɗa a toka, mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. Daddawa take sayarwa, har zanenta na Lahadi warinta yake yi. Amma in ta ce, "Ga ta nan tafe," ko akuyar gidan sai ta nutsu. Bulus ne ɗan lele, shi ke zama jikin ƙafarta.

Wadda ta fi so ita ce ta garin da wuta ta mutu. An yi ruwa kwana bakwai, kowane murhu ya jiƙe, sai na wata tsohuwa a bayan gari, garwashi ɗaya tak. Mutane suka yi ta zuwa da tsingaro. Ta ce ba ta son komai, sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ka ba, ka faɗa masa gidan da ka ɗebo. Haka wuta ta bi gida gida, ta haye kogi, ta kai ga mutanen da ba sa jin yaren juna. Sai wani mai girman kai ya ce shi ya ƙyasta tasa. Da ruwa ya dawo ya kashe ta, ya rasa gidan da zai koma, tunda ya riga ya ce babu. Iyalinsa suka kwana da ɗanyen gari.

"Bisharar Yesu haka take," in ji Kaka, tana nuna mu da muciya. "Wani ya kawo mini, na ba ku. Kai Bulus, bar cin gyaɗar nan ka faɗa, wutar gidan wa?"

Baki cike yake cewa, "Ta gidan Kaka!"

Watan jiya aka yi babban taro kan yadda Kiristoci za su haɗa hannu su kai bishara ko'ina a duniya. Ibo 'yan kasuwa sun zo, Yarabawa sun zo, har baƙi daga Koriya da Barazil. Bulus ya hau bagade da Turanci, tafinta na juya mana da Hausa. Da na ji an ce ruwan kwana bakwai, sai na taɓa Oga Emeka, mai shagon kayan mota kusa da nawa a Kwangila, na ce, "Ta kakarmu ce!"

Ban rufe baki ba tafinta ya ce Rabaran ya ji wannan labari ne a bakin wani farfesa Bature, malaminsa a ƙasar waje.

Na zaci tafinta ne ya yi kuskure. Emeka ya dube ni ya ce, "Malam Yohanna, haka ya faɗa." Kuma sharaɗin tsohuwar Bulus ya cire shi, mai girman kan ma ya cire. Aka yi ta tafi. Baƙin suka ce za su buga shi da harsunansu.

A kan bencin nan na gane abin da ban gane ba shekara arba'in. Ba godiya Kaka take nema ba. So take ka san hanyar komawa ranar da taka ta mutu. Kuma wane irin haɗin kai ne wannan, in kullum mu ne masu tsingaro, ba a yarda mai daddawa ma tana da garwashi ba?

Da aka tashi, na tare Bulus a bakin mota. Ya rage murya ya ce, "Yaya, ka gane mana. In na ce tsohuwa ce mai daddawa, mutanen nan ba za su ɗauke shi da nauyi ba."

Na ce, "Gyaɗarta ka ci, ba ta farfesa ba. Gobe kafin baƙin nan su tafi ka tashi ka faɗi sunanta, ko ni in tashi in faɗa da Hausata, Emeka ya fassara. Dube ni, Bulus. Wutar gidan wa?"