Ranar da Famfon Yaya Ya Daskare a Tabuka

Muna sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar unguwarmu Harra ta Yamma a Madina, ni da maƙwabcina, a cikin tsohuwar wanet ɗinsa, wato a-kori-kura. Tabuka muka nufa. Abin da ya tayar da mu kuwa waya ce Yayata ta bugo ranar Talata da yamma, ta ce kwana biyu ke nan ko ɗigon ruwa ba ya fitowa daga famfo a gonar da suke zaune.

Bari in gaya muku abin da ya sa maganar ta hana ni sakat. Ni sabbak ne, mai gyaran famfo, shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a a Madina. Mijin Yaya wakili ne a gonar wani attajiri a bayan garin Tabuka, kuma gidan da suke ciki da 'ya'yansu biyar na gonar ne. Lokacin zafin da ya wuce mai gonar ya so a sake bututun ruwa gaba ɗaya, sai mijin Yaya ya tsaya kai da fata kada a ba kowa aikin a Tabuka, wai matarsa tana da ƙane a Madina wanda babu kamarsa. Na je na yi aikin, na dawo ina hura hanci. Yanzu ga ruwa ya ɗauke, ga mai gona zai iso ranar Alhamis da baƙi daga Jidda masu son ganin dusar ƙanƙara a kan dutse. Mutum ne mai alheri, amma wakilin da ya gabata a kan dinamo ɗaya da ya ƙone, wato injin tura ruwa, ya sallame shi.

A wayar Yaya ta ce mini, "Usta, ruwan nan daskarewa ya yi." Usta, wato gwanin sana'a, take ce mini in tana son tsokana.

Na ce, "Haba Yaya, a firiza ruwa yake daskarewa, ba a jikin bango ba. Dinamo ne. Khalas, shi ke nan, gobe ina nan."

Maƙwabcin nawa sana'arsa sayar da kan rago. Da ya ji ana maganar ƙanƙara sai ya ɗora tukunyar gas da bututun wutar da yake babbaka da shi a bayan mota, ya ce ko da dutse ne a cikin famfon zai narkar da shi. Shirin sanyinmu kuwa suwaita ɗai-ɗai a kan jallabiya, sai silifa. A ganinmu mun ma yi yawa.

Hanyar arewa shimfiɗaɗɗiya ce, babu gargada, sai dai tsawo. Muna wuce hanyar filin jirgi gari ya waye a kan baƙaƙen duwatsu, hagu da dama babu abin kallo sai raƙuma da allunan da ke gargaɗi a kan raƙuman. A Khaibar muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, da shayi mai madara. Mai shagon ya dubi ƙafafunmu ya tambaye mu ina muka nufa. Da muka ce Tabuka sai ya ƙara mana shayi kyauta, irin yadda ake yi wa wanda za a yi wa ta'aziyya.

Bayan Khaibar iska ta fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Na ce wa maƙwabcina ya kunna hita. Ya daɗe yana laluben maɓallin, domin shekara goma sha ɗaya motar tana hannunsa bai taɓa neman sa ba. Da ya murɗa, abin da ya fito ƙura ce da ɓawon gyaɗa da wani wari kamar an ƙona tsumma. Muka buɗe gilashi don mu sha iska, iskar ta mare mu, muka rufe. Haka muka yi ta yi, buɗe, rufe, har Taima.

A Taima girman kai ya ƙare. Muka shiga kasuwa neman farwa, doguwar rigar nan mai gashin tumaki a ciki, wadda a Madina muke yi wa masu sa ta dariya. Mai kanti ya ga haƙoranmu suna kaɗawa ya ce riyal ɗari da hamsin. Na buɗe baki zan yi ciniki, leɓena ya ƙi motsi. Muka saya. Muka ci kabsa da naman raƙumi a wani gidan abinci da ke kallon gidan mai, shinkafar tana huce wa mutum tsakanin faranti da baki.

Da la'asar sakaliya muka isa gonar. Mijin Yaya ya tare mu a bakin ƙofa, ya rungume ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan a kan ruwa ba. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tsakanina da shi akwai wasa, kullum sai ya ce ni ne sadakin da aka ƙara masa a kan Yaya, amma ranar ko murmushin kirki bai iya ba.

Na duba dinamo, lafiyarsa lau. Sannan na zaga bayan gida na ga aikina.

Ku da kuke Madina kun san abokin gabarmu zafi ne. Da rani ruwan tanki yakan tafasa a kan soro har mutum ya rasa na alwala. Don haka duk wayona na shekara ashirin da biyu na zuba wa mutanen nan. Na bi da bututu ta bangon arewa, inda rana ba ta taɓawa, a fili, don iska ta riƙa bugunsa. Tankin kuwa na naɗe shi da buhunan algarara, na ja wani siririn bututu yana ɗiga a kansu dare da rana don su zauna a jiƙe. Wannan dabara tawa ce, har wasu sabbak suna kwaikwayona. To ga buhunan nan sun sandare sun zama katako, ƙanƙara ta zubo daga gindin tankin tsiri-tsiri, wata ta kai tsawon hannuna. Da hannuna na gina wa mutane firiza a kan soro.

Ban gama jin kunya ba sai na ji fuuu a bayana. Maƙwabcina ya kunna wutar babbaka ya nufi bango da ita. Yaya ta fito daga kicin da gudu, gyale a hannu.

"Kashe! Kashe, ya shekh! Kan rago ka gani a nan?"

Ya ce, "Hajiya, dagiga biyu bas, minti biyu kacal, in narkar miki da shi."

Ta ce, "Bututun roba ne. Ka narkar da shi, ka kama buhu, ka kama tagar katako, ga tukunyar gas ɗina a bayan bangon nan. Gidan maƙwabtanmu haka ya ci wuta shekarar da muka zo. Usta, kai ba ka gaya masa ba?"

Ban gaya masa ba, domin ni ma a zuciyata jira nake in ga ko za ta yi. Na yi gyaran murya na ce ai yanzu nake shirin hana shi.

Rana ta riga ta yi ƙasa, Yaya ta ce duk abin da muka narkar yanzu kafin isha zai koma yadda yake, a bari sai hantsi. Da za mu kwanta maƙwabcina ya jawo kaskon gawayi zai shigar mana ɗaki ya rufe ƙofa. Ta ƙwace, ta ce hayaƙinsa ba ya wari, mutum yana barci yake wucewa, ta jibgo mana barguna huɗu.

Ranar Alhamis da hantsi aka fara aiki, kuma ba ni ne usta ba. Yaya ta tsaya a tsakar gida tana ba da umarni, shekara takwas na sanyin Tabuka suna bayanta. Aka kashe wutar dinamo da ta hitar ruwa. Aka rufe mahbas, babban makullin da ke sakin ruwa daga tanki. Aka buɗe kowane famfo a gidan, don in ƙanƙara ta saki ruwa ya sami hanyar fita. Ta ce daga bakin famfo ake farawa a bi baya, in aka fara daga tsakiya ruwan da ya narke ba shi da wurin zuwa sai ya fasa bututu. Maƙwabcina ya kawo tafasasshen ruwa a buta, ta mayar da shi ya surka, ta ce mai ɗumi ake so. Muka riƙa tsoma tawul muna naɗawa, in ya huce mu sake.

Inda tawul bai isa ba, a lungun bayan kicin, ta miƙo mini istishwar ɗinta, abin busar da gashi, ruwan hoda, da zanen fure a jiki. Ta sa aka share ruwan ƙasa, aka ɗora mini busasshen katako in tsaya a kai, ta ce in hannuna ya jiƙe kada in taɓa shi. Ni da akwatin kayan aikina ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ga ni tsaye ina yi wa bango gyaran gashi. Soro kuwa ta hana ni hawa da silifa, sai da mijinta ya ba ni takalmin gona ya riƙe mini tsani.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya famfon kicin ya yi tari, ya tofar, ya fara ɗiga. Daɗi ya kwashe ni. Yaya tana cewa a buɗe mahbas kaɗan-kaɗan a bi layi a duba, ni kuwa na riga na murɗe shi har ƙarshe, na sauko ina taƙama. Ashe ƙanƙara ta tsaga bututu a gwiwar da ke saitin kaina, ita ce ma ta toshe tsagar. Ruwa ya tsinke mini daga wuya har cikin takalmi. Ban san na iya irin wannan ihu ba. Aka rufe mahbas, aka tuɓe ni daga farwa, aka naɗe ni da bargon yara mai hoton zomo. A haka na yanke wurin da zarto, na busar, na sa sabuwar gwiwa da gam. Gam kuma a sanyi ba ya kamawa da wuri, dole a jira.

Muna cikin jiran motoci uku suka shigo.

Mai gona ya fito, dattijo mai farin gemu, ya dube ni da bargon zomo da istishwar, ya dubi bango, ya ɗaga kai ya dubi tanki. Baƙinsa sun je dutsen tun safe ba su sami ko ƙwayar dusar ƙanƙara ba, ransu a ɓace. Sai ɗayansu ya hango tankina ya ƙwala kira, "Talj! Talj!", wato ƙanƙara. Kafin ka ce me sun kewaye gidan da kyamara, manya da su, ana ɓalle tsirin ƙanƙara ana ɗaukar hoto da shi. Mai gona dai bai yi dariya ba.

Ya tambayi mijin Yaya, "Wa ya ce a bi da bututu ta nan?"

Mijin Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Shi abin da na ce ya yi."

Wallahi ƙarya yake yi, ranar da na ja layin ma yana kasuwa. Mutumin nan aikinsa da gidansa ne za su salwanta, amma sunana yake karewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bai ce ba. Ni na zaɓi bangon, ni na naɗa buhun. Aikin Madina na yi muku a Tabuka, ban tambayi kowa yadda sanyinku yake ba."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. Ya taka zuwa famfon tsakar gida ya ce a buɗe. Na hau na murɗa mahbas, wannan karon kamar mai ɗiga magani a ido. Famfon ya yi tari sau biyu, ruwa ya zubo, gwiwar ta riƙe. Ya nannaɗe hannun riga ya yi alwala da ruwan nan mai yankan fata, bai ko yamutsa fuska ba. Da ya gama ya ce wa mijin Yaya gobe ya nemo sabbak ɗan Tabuka ya mayar da layin bangon kudu ya rufe shi da soso. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, usta, daga Khaibar zuwa arewa na haramta maka bututu. Ka zo cin abinci."

Ranar Juma'a da sassafe na shiga ɗakin Yaya in yi mata sallama. Na same ta a durƙushe a gaban kwalaye shida, tana warware kofuna daga cikin jarida tana mayarwa kabad. Tun ranar Litinin ta fara haɗa kaya don tsoron za a kore su, ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya mini ba. Ta ɗago ta ce, "Me kake kallo? Miƙo mini wancan." Na durƙusa muka warware tare.

Mun yi Juma'a a Taima, muka shigo Madina ana kiran magariba, da farwa a ninke a bayan kujera da tukunyar gas a cike yadda ta tafi. Maƙwabcina tun a hanya ya fara ba da labarin a gidajen mai, kuma a bakinsa shi ne ya hana ni kunna wuta.

Abin da na koyo na sana'a ba shi da yawa: a kashe wuta, a rufe mahbas, a buɗe famfo, a bi da ɗumi sannu a hankali, kada harshen wuta ya kusanci bututu. Wannan ko a takarda sai a rubuta wa mutum. Wanda ya fi zauna mini shi ne, da na yi wa Yaya tambaya ɗaya tak a lokacin zafi, da ba ta kwana uku tana naɗe kofunanta a ɓoye ba. Jiya wani ya kira ni aiki a Bani Harisa, nan cikin gari, unguwar da na sani kamar tafin hannuna. Kafin in buɗe akwati sai da na ce ya shiga ya tambayo mini matar gidan yadda ruwansu yake yi.