Yaron Ƙarfen Kakata

Har yau in na shaƙi hayaƙin esansi, wato fetur, sai in tuna ranar kasuwar Urafane da ƙanen babana ya shigo da tele da gurup, injin ba da wuta, a kan amalanke. Bayan girbi ne, rumbuna cike. Aka rufe rumfa da zana da barguna don kada rana ta kashe hoton, muka cunkushe ciki, zufa na tsiyaya.

Kakata ma ta jawo tabarmarta. Da yake ni ce ƴar lakwal mai karatun boko, ta zaunar da ni gefenta in riƙa juya mata Faransancin. Ni kuwa lokacin ji nake babu ya ni.

Fim ɗin na wani mutum-mutumi ne da aka ƙera don aiki, sai ya fara tunani, yana jin tsoro, yana kewa. Aka sayar da shi nesa, ya gudu, ya kamo hanyar gida a ƙasa cikin rairayi. Yana tsakiyar tafiya gurup ya yi tari ya mutu. Esansi ya ƙare. Washegari mai kaset ɗin da aka aro ya karɓi abinsa.

Tun daga nan Kaka ta sa ni gaba. In ina tsefe mata kai, ko na kawo mata fura, sai ta ce, "Ke ƴar boko, yaron nan na ƙarfe, ya isa gida kuwa?"

Ran da na ƙosa na ce, "Haba Kaka! Ƙarfe ne fa. Ba shi da uwa, wa ke jiran shi?"

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Ba ta ƙara tambaya ba.

Sai da na haihu na gane. Babana ne ɗanta na fari, kuma a lokacin shekararsa uku a Libiya, ba wasiƙa, ba saƙo. Kun dai san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa, ko a gabanmu. Kowa a gidan yana iya cewa yana kewarsa, ban da ita. Babana ya dawo damina biyu bayan rasuwarta.

Yanzu yarana hira suke da waya tana amsa musu, suna gardamar ko tana da rai. Ba ruwana da gardamarsu. Wallahi kewar Kaka nake. Da za a maido mini ranar nan, da na matsa kusa da ita na ce, "Yana hanya, Kaka. Ya kusa."