Faifan da Akawu Bai Gani Ba

A shekarar 1969 Akawu ya fara sanin Mai Inji, mutumin da ke haska fim a silimar bayan tasha. Siriri ne, kullum yana warin man inji, kuma ɗakinsa bai fi taku huɗu ba: injin, kujera mai ƙafa uku, da 'yar tagar da haske ke fita.

Ran nan fim ɗin kaboyi ake yi. Mai Inji ya rikita gwangwanayen faifan fim, ya ɗora faifai na shida kafin na biyar. Aka harbe bos, aka binne shi, jama'a suka tafa. Can sai ga bos a kan doki yana gyara malafa, lafiyarsa lau. Silima ta kaure da ihu, takalma suka fara tashi sama, manaja ya nufi matakala yana rantsuwa yau sai ya kori mutumin.

Akawu, wanda bai taɓa yin ƙarya ko a makaranta ba, ya hau benci.

"Jama'a, ku natsu! Fatalwarsa ce. Sabon salo ne, na karanta a jarida."

Da yake yana sanye da tabarau, ga biro uku a aljihu, aka yarda. Aka yanyame shi da tambayoyi, manaja ma ya dawo yana sauraro. Kafin Akawu ya kuɓuta faifai na biyar ya ƙare, ga shi kuwa a cikinsa aka nuna wanda ya ci amanar akta. Washegari aka mayar da fim ɗin, bai sake zuwa garin ba.

Daga nan suka ƙulla abota, ta gardama zalla. Akawu na kaboyi ne. A ganinsa fim ne mai tsari: mai gaskiya daban, mugu daban, kowa ya girbi abin da ya shuka. Mai Inji kuwa sai na ban tsoro, musamman tsofaffin nan marasa launi da ba a nuna dodon sai inuwarsa.

"Mutumina, a fim ɗinku doki kaɗai ke da hankali," in ji shi. "Mutum ya harba harsashi talatin bai sake ɗuri ba?"

"Naku fa? Mace ta ji gurnani a ɗaki, maimakon ta gudu sai ta ɗauki kyandir ta shiga!"

"Ai kai ma da ka ji gurnani benci ka hau."

Duk sanda Akawu ya ce, "To, wa ya ci amanar?" sai Mai Inji ya kaɗa hannu. "Ni ina kallon wannan shirme? Inji nake kallo."

Shekaru suka shuɗe, aka rufe silimar, ta zama shagon katifu. Yanar ido ta rufe idanun Akawu, ya koma zaman baranda. Wata la'asar matarsa ta ce, "Maigida, ga abokin faɗanka," ta ajiye musu kujera.

Mai Inji ya zauna da ƙyar, ya jingine sandarsa, ya yi gyaran murya.

"Faifai na biyar," ya ce. "Rana tsaka. Doki uku sun gangaro daga dutse."

Ya shiga buga yatsu a hannun kujera, ƙarar kofato sak. Ya kawo ƙurar hanya, ya kawo kukan ƙofar mashaya, har launin gyalen da ke wuyan akta. Bai tsallake ko tari ba. Akawu ya riƙe numfashi.

"Mai askin ne," Mai Inji ya ƙarasa. "Shi ya kai wa bos labari."

"Mai aski! Shekara arba'in ina zargin likita!" Akawu ya juyo. "Kai da ba ka kallon shirme?"

"Washegari da safe, kafin motar ɗaukar fim ɗin ta zo, na haska wa kaina, sau biyu. Na ce wata rana za ka buƙata." Ya laluɓo sandarsa. "Amma fa har yanzu dokin ya fi su hankali."