Ranar da Na Tsayar da Dusuman

A duk unguwar Bulumkutu ta Maiduguri, in ka cire malaman makaranta, su ma don girmamawa na cire su, babu mai Turancina. Ni ke karanta wa mutanen layinmu takardar da ke cikin kwalin magani. Ni ke fassara abin da mai sharhin ƙwallo ya faɗa a gidan kallo, wani lokaci tun kafin ya faɗa. Kayan gyaran keke napep nake sayarwa, amma akwai direban da na yi wa Turanci sau ɗaya a bakin shago, har yau in ya hango ni sai ya rage gudu.

To, da na samu ɗan fili a Dusuman zan ɗora ɗakuna, sai maƙwabcina ya ce katangata ta ci masa wuri. Aka ce a kira mai safiyo ya auna. Aka turo mana wani saurayi sabon zuwa daga Legas, da hular kwano rawaya, da riga cikin wando, da biro har uku a aljihu. Ina ganinsa na ce yau ranata ce. Ya buɗe baki zai gaishe ni, na tare shi: "You are highly welcome to my land." Ya rufe bakin, ya yi murmushi.

Nan take na tara birkila da leburori na kafa doka. Birkilan nan dattijo ne Babarbare, mai aiki da kyau da tsawon harshe.

"Baƙon nan ba ya jin Hausa," na ce. "Duk mai magana da shi ya biyo ta kaina. Kada wani ya je ya kunyata mu."

"To, Alhaji," in ji shi. "In ya yi atishawa ma kai za mu kira?"

Haka muka yini tun safe. Ina zuba Turanci, saurayi yana gyaɗa kai, sannan ya je ya yi abin da ban ce ba. Na ɗauka halin mutanen Legas ne.

Bayan azahar aka zo gefen da ake rigima a kai. Ya ba ni bakin tef ɗin awo, ya nuna mini turke, ya yi alama in danne a nan kada in saki. Na tsuguna na danne. Shi kuma ya fara tafiya da baya, a hankali, yana warware tef ɗin, idonsa a kan lambobi.

A ƙarshen filin akwai ramin masai da muka haƙa, ba a kai ga rufe shi ba damina ta sauka. Ruwa ya cika shi, kwaɗi sun kafa gwamnati a ciki, ciyawa ta rufe bakinsa. Kuma can saurayin ya nufa, da ƙeya.

Birkila ne ya fara gani. Ya ajiye cebur ya matso kusa da ni. Mutum ne mai bin doka idan bin ta zai ba shi dariya.

"Alhaji, baƙonka zai shiga rami. Gaya masa."

"Na gani," na ce. "Bari in zaɓo."

Wanda ba shi da Turanci ba zai san wahalar da na shiga ba. Mai kalma ɗaya faɗar ta kawai zai yi. Ni kuwa sai da suka taso mini gaba ɗaya kamar fasinjoji a tashar Konduga, kowace tana cewa ita ce a gaba.

"Stop" ce ta fara zuwa. Na kalle ta na raina. Wannan ai Turancin ɗan aji ɗaya ne. Ita ce a rubuce a bayan kowane keke napep a garin nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsaya saboda ita ba. Ina zan yini ina jera manyan kalmomi sannan in ƙare da abin da leburana ma ya sani?

Sai "wait". Ita kuma ba ta da ƙashi. Ni kaina ina ce wa mai ɗakina "wait" in fita, in dawo bayan isha'i.

"Alhaji," in ji birkila, "yana matsawa fa."

"Kada ka rikita ni."

"Stand still" ta yi kyau a baki, amma na tuna inda na samo ta: malamin motsa jiki a firamare, da bulala a hannu. Ba a yi wa mai biro uku wannan. Zai iya jin haushi ya auna wa maƙwabcina rabin filina. "Don't move" kuwa a fim na san ta, kuma duk wanda na ji ya faɗe ta fuskarsa a rufe take, yana neman makullin banki. "Freeze" ta 'yan sandan Amurka ce, tana bukatar a ware ƙafa a miƙe hannu biyu, ni kuwa ina tsugune da turke kamar mai shukar gyaɗa.

Na so in sa "please" a gaba don ladabi, sai na ga ban san wadda zan jona mata a baya ba.

"Alhaji," birkila ya sake cewa, muryarsa a kwance, "in Turancin ya ƙare ne ka ba ni izini in jefe shi da hoge."

Diddigen saurayin ya taɓa ciyawar. A nan ne Allah ya kawo mini "halt". Wannan ba a fim na same ta ba. A shekarun da gari ya yi zafi, a shingen sojoji na koye ta, kamar kowa a Maiduguri, kuma na ga aikinta da idona. Ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba. Na cika ƙirji, na sake ta da muryar da ban san ina da ita ba.

"Halt!"

Wallahi ta yi aiki. Leburan da ke kan tsani ya saki bulo ya ɗaga hannu biyu. Wani mai keke napep da ke wucewa a titi ya taka birki, fasinjojinsa suka fito a jere hannuwa a sama. Wata mata mai tallan fura ta ƙame, ƙwarya a ka, hannu a sama, ko ɗigo bai zuba ba. Maƙwabcina, mai rigimar katanga, sai ga shi kwance rub da ciki a kan filin da yake cewa nasa ne. Birkila kansa, da duk bakin nan nasa, hannayensa suna sama. Akwai ragon da ke tuƙa a gindin dalbejiya, na rantse shi ma ya daina.

Mutum ɗaya ne a duk Dusuman bai taɓa wucewa ta shinge da hannu a sama ba: baƙon namu na Legas. Ya ɗago kai daga tef, ya ga jama'a sun ƙame, ya ɗauka wani abin tsoro ne ya taso daga bayana. Sai ya yi abin da mai hankali zai yi: ya ƙara ja da baya, da sauri.

Ƙarar ba ta da yawa. Ɗan "cunɗum" ne, sai kwaɗi suka watse. Tef ya fizge daga hannuna ya bi ubangidansa. Hular kwano ta taso tana yawo a kan ruwa ita kaɗai, daga baya kai ya biyo.

Ruwan iya ƙirji ne, da sauƙi. Aka zura tsani, leburori suka jawo shi, kore shar tun daga wuya har takalmi, biro ɗaya ya rage. Mai fura ta sauke hannu ta zage mu da Barbarci ta wuce. Mai keke ya ce sai na nemo masa fasinjojinsa, don biyu sun shiga gonar gero ba su fito ba.

Ni dai na tsaya a kan saurayin ina neman Turancin ban haƙuri. Su ma suna da yawa, na fara zaɓe. Yana zaune a kan bulo yana zazzage ruwa daga takalmi, sai ya ɗago ya dube ni, ya yi magana da Hausa tsantsa, irin wadda ko ni ba ni da ita.

"Alhaji, don Allah, nan gaba ka ce mini tsaya kawai. A Sabon Garin Kano na tashi. Turancin naka ne tun safe ban gane ko ɗaya ba."