Kai ko Kafaɗa

Mahaifiyata ba ta ɗaukar kaya a ka. Haka na buɗe ido na gan ta, haka na ga kakata da sauran matan ƙauyenmu da ke bayan Kusasu, a bakin daji. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, kuma a wurinmu kaya na kafaɗa ne. Mace za ta cika ƙatuwar ƙwarya da itace ko doya, ta durƙusa ta ɗora a bayan kafaɗa kusa da wuya, ta tallafe da hannu ɗaya, ta ɗan sunkuya ta kama hanya. Ina ƙarama na taɓa tambayar Mama dalili. Ta ce kai shi ne maigidan jiki, shi ke yi wa kowa tunani, ba a kuwa mai da maigida jaki. Daga nan ta ce in bar surutu in miƙo mata tsintsiya.

Babanmu ya rasu ina aji uku a firamare, ya bar ta da ni da ƙanena. Lokacin daji daji ne kawai, abin tsoro a cikinsa bai wuce maciji da biri mai ɓarnar masara ba. Kullum da safe takan shiga ta yo itace ta kai bakin titi, ranar kasuwa ta kai dawa ko gyaɗa. A kan kafaɗar nan na yi karatu, daga allon farko har digirin ƙarshe.

Ina da shekara goma sha uku na ci jarrabawar shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata, tafiyar rabin yini a mota daga Birnin Gwari. Mama ce ta raka ni. Akwatina na ƙarfe ne, baƙi, an cika shi da garin rogo da ƙuli-ƙuli da sabulu da bargo, sai mutum biyu sun kama kafin ya ɗagu. Da muka sauka a tasha ta durƙusa ta saɓa shi yadda ta saba, muka nufi makaranta a ƙasa.

Ba mu yi nisa ba wasu 'yan mata uku suka wuce mu, da fararen takalma da jakunkuna, da ganinsu can za su su ma. Ɗaya ta waiga ta dubi Mama, ta taɓa ta kusa da ita, ta ce, "Lah, ku ga Bagwariya." Suka tuntsire da dariya suka wuce. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba su zage mu ba, ba su jefe mu ba. Amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Da muka hango ƙofar makaranta na ja na tsaya. Na ce, "Mama, ki sa shi a ka."

Ta ce, "Me?"

Na ce, "Ki ɗora a ka kamar kowa. Mutane suna kallonmu."

Ta dube ni, gumi na zuba daga haɓarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sauke akwatin, ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo, wani karkatacce, don ba ta taɓa naɗawa ba. Wata mai sayar da gyaɗa a bakin hanya ta taso ta taya ta ɗorawa. Mama ta shiga makarantar nan kai ba ɗankwali, hannu biyu riƙe da akwati, wuya na rawa, tana taku ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake rafi. Ni kuwa ina gaba da taku goma, ina ta murna a raina wai na tsira.

Shekara shida na yi a can, kuma duk ranar ziyara haka ta riƙa yi da kayan da take kawo mini ba tare da na sake roƙonta ba. Daga gida zuwa mota a kafaɗa, daga tasha zuwa makaranta a ka. Har ta gwanance. Ban taɓa ce mata ta bari ba.

To, ga inda abin ya zama abin dariya, in mutum na da ƙarfin halin yin dariyar. Da na shiga jami'a na faɗa sashen nazarin al'adu, wata rana wani malaminmu ya kawo maganar ɗaukar kaya a kafaɗa cikin lacca, da Turanci mai daɗi, ya ce wannan falsafa ce ta girmama hankalin ɗan Adam. Falsafa! Abin da na ɓoye a ƙarƙashin gado shekara da shekaru, ga shi wani mai gilashi ya ɗauko yana yabo. Kafin a tashi daga aji na ɗaga hannu na ce ai ni 'yar gida ce, mahaifiyata ma haka take yi. Ranar na ga yadda ido ke komawa kan mutum da sha'awa, na kuma ji daɗinsa fiye da kima.

Daga nan na kama abin ban sake ba. A kansa na rubuta kundin digirina na farko, a kansa na yi na biyu, a kansa na zama dakta, aka ɗauke ni koyarwa. Na zaga ƙauyukan Kazage da Kakangi da rakoda da kyamara tun hanyoyin suna biyuwa, na zauna a gaban tsofaffi ina tambayarsu cikin ladabi ina rubutawa. Na je taruka a ƙasashen da ban taɓa mafarkin gani ba, na tsaya na ce kan Bagbagyiya bai taɓa sunkuya wa kaya ba, aka tafa mini. Da littafina ya fito, hoton bangonsa na wata tsohuwa ce daga Kazage, uwar wasu. Mace ɗaya ce ban taɓa ajiye wa rakoda ba, ita ce wadda ta haife ni. Na gaya wa kaina wai ƙa'idar bincike ce ta hana mutum tambayar danginsa. Ƙarya nake yi. Tsoro nake ji kada in tambaye ta ko ta taɓa ɗaukar kaya a ka, ta ba ni amsa. Inuwar giginya ce ni, na nesa ka sha.

Ana cikin haka daji ya lalace. 'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma mutane, har ƙauyenmu ya watse. Mama ta fito da abin da kafaɗarta ta iya ɗauka, ta tare a cikin Birnin Gwari wurin ƙanena, a ɗaki ɗaya na bayan gida. Na yi na yi ta dawo wurina ta ƙi, ta ce nan tana jin labarin gonarta ko ba ta gan ta ba. Tun da na samu digirin dakta kuma ta daina kirana da sunan da ta raɗa mini, sai Dakta, kamar yadda kowa ke faɗa.

Bara ƙungiyar matan yankinmu ta shirya mini taron karramawa a garin. Na biyo ayarin motocin da sojoji ke rakawa na iso ana gobe taro. Washegari da hantsi aka kafa rumfuna a wani fili, aka jera kujerun roba, manyan baƙi a gaba, 'yan makaranta a gefe cikin rana. Mama tana layi na biyu cikin sabuwar atamfar da na kawo mata, ta haɗa hannu a cinya.

Shugabar ƙungiyar, wata tsohuwar hedimistires mai son lasifika, ta karanta tarihina. Ta ce na tashi cikin talauci amma ban taɓa jin kunyar asalina ba ko da rana ɗaya. Ta ce 'yan mata su yi koyi da ni. Ni na aika mata da takardar da take karantawa, don haka ba ni da bakin cewa ta yi ƙari. Na miƙe na yi nawa jawabin, na kawo maganar maigidan jiki da ba a mai da shi jaki, na ce daga bakin mahaifiyata na ji. Aka yi ta tafi, ana waiwayen Mama.

Ina shirin zama sai shugabar ta karɓe lasifika, fuskarta cike da fara'ar wanda dabara ta faɗo wa. Ta ce yaran yanzu da yawa a gari aka haife su, wasu kuma gudun hijira ya raba su da ƙauye, ba su san abin da ake magana a kai ba. Tunda ga uwar Dakta a zaune, wa ya fi ta cancantar ya nuna musu? Nan da nan aka aiko da ƙwarya daga wani gida, aka jera mata 'yan itatuwa, aka ajiye a tsakiyar fili. Wayoyi suka tashi sama.

Da ina da sauran mutunci da na ce a bar tsohuwa ta huta. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwarta na ciwo. Amma akwai baƙi biyu da suka zo daga jami'armu, ɗaya har ya gyara kyamara. Na taka na je wurinta na miƙa mata hannu.

Ta tashi da ƙyar, muka isa gaban ƙwaryar tare. Ta dube ta, ta dubi manyan baƙi da ke jere cikin manyan riguna, sannan ta matso kusa da kunnena. Da yarenmu ta yi maganar, a hankali, don kada kowa ya ji.

Ta ce, "Dakta, gaya mini kafin in ɗauka. Waɗannan baƙin naki, a ka suke so ko a kafaɗa? Kada in ba ki kunya."

Na dubi fuskarta ina neman gori, ina neman habaici, ko ɗan murmushin ramuwa. Wallahi da na samu da na ji sauƙi. Babu ko ɗaya. Tambaya take yi tsakani da Allah, irin ta wanda aka taɓa gyara wa kuskure ba ya son ya maimaita. Shekara talatin da wani abu tana riƙe da darasin da 'yar shekara goma sha uku ta koya mata, cewa in ido ya yi yawa sai ta tambayi 'yarta inda za ta sa kayanta.

Jama'a na jiranmu. Shugabar ta miƙo mini lasifika, ga ta a hannuna. Ina iya cewa jama'a, ku tsaya, akwai abin da ba a karanta muku ba cikin tarihina. Na san kalmomin, suna nan a bakina. Abin da ya fito shi ne, "A kafaɗa, Mama."

Ta durƙusa, gwiwar ta yi ƙara, ta saɓa ƙwaryar ta miƙe. Ta zaga fili sau ɗaya. Aka yi guɗa, 'yan makaranta suka yi ta tsalle, baƙon jami'a ya bi ta da kyamara har da durƙusawa. Ni ma na tafa. Kunyar da na ji a ranar ta fi ta bakin ƙofar makaranta nesa ba kusa ba, domin waccan yarinya ce ta ji kunyar uwarta, wannan kuwa babbar mace ce ta ji kunyar kanta.

Da la'asar, bayan baƙi sun watse, na same ta a ɗakinta zaune a tabarma, ta zame riga tana shafa man kaɗanya a kafaɗa. Na karɓi man na zauna a bayanta. Wurin ya yi baƙi ya yi kanta, tauri kamar tafin ƙafa. Na yi babi guda a littafina kan wannan kanta a jikin matan mutane, amma ranar na fara taɓa tata.

Ta ce, "Na yi daidai ko? Sun ji daɗi?"

Na ce, "Sun ji daɗi, Mama." Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce mata ta tuna ranar da ta kai ni makaranta, ranar akwati. Na ce na yi mata laifi, na ci mutuncinta a gaban mutane, yau ma na sake, ta yafe mini don Allah.

Ta juyo tana dubana da mamaki, ta sa gefen zaninta ta share mini fuska kamar ina yarinya.

Ta ce, "Laifin me? Ke kika yi karatu, ke kika san abin da ya dace a gaban mutane. Ni me na sani? Ai ko ranar ma godiya na yi wa Allah da kika gaya mini tun ba mu shiga ba."

Na so ta yi fushi ko na minti ɗaya, in samu abin da zan roƙa. Ta juya mini baya ta nuna wajen wuya da yatsa, ta ce in ƙara man a nan, nan ne ke mata zafi.