Gurbin Uwa Ɗaya Ne

Abin da ya kusa ɓata mini Babbar Sallar waccan shekarar sifiri ne guda ɗaya, a ƙarƙashin hoton Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun daga yaye. A ɗakinta na yi wayo, ita ta yi mini kitson farko, ita ta sayar da tunkiyarta ranar da zan tafi makarantar kwana. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban taɓa jin wani ya faɗi haka a gabanta ba, ni ma ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba, har sai da kwamfuta ta faɗa mini da bakinta marar kunya.

Baffa ne ya jawo mini aikin. Shi ne ƙanin mahaifina, kuma shugaban taron zumuncin da danginmu suke yi duk shekara bayan Sallah, a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Tun da ya ji na gama karatun kwamfuta a Kano, ba ya nemana sai wayarsa ta ƙi wani abu. Ran nan kuwa ya kira da babbar magana.

"'Yata, so nake ki zuba mana dangin nan kaf a intanet. Kowa ya danna ya ga ubansa da kakansa. Yaran yanzu sai su haɗu a mota su yi zage-zage, ba su san jini ɗaya ba ne. Ranar taro za mu haska a bango kowa ya gani."

Na ce, "Baffa, ai wannan ba komai ba ne."

Baki shi ke yanka wuya. Na tattara kwamfutata na hau bas na taho gida, damina ta yi nisa, gero da dawa sun rufe hanya har ba ka gane inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara.

Aikin kashi biyu ne. Akwai shafin da mutane suke gani su danna, akwai kuma rumbun bayanai da ke bayansa, inda ake adana komai. A cikin rumbun na yi tebur ɗaya na mutane, kowane mutum da layinsa, kowane layi da gurabensa: suna, gari, uba, uwa. Haka kowane darasi da na kalla ya koyar, haka na bi.

Matsalar farko sunaye ne. Wanda ya yi darasin ya ce a hana suna ɗaya shiga sau biyu, don kada a maimaita mutum. Bawan Allah bai san gidanmu ba. Rabin mazan danginmu sunan kakanmu suka ci, ragowar rabin kuma sunan ƙaninsa. Na shigar da na farko lafiya, ina zuwa na biyu sai rumbu ya ce ai wannan yana ciki. Na kai kuka wani dandali na intanet inda masu haɗa manhaja suke tambaya ana ba su amsa. Wani ya amsa mini a gajarce, kamar wanda na tasa daga barci, ya ce ba a bambance mutane da suna, lamba ake ba kowa. Na ba kowa lambarsa, na ƙara gurbin laƙabi, don a san dogon daga gajeren, a san na Legas daga mai rake. A gurbin uba sai in sa lambar uban, a gurbin uwa lambar uwar.

Matsala ta biyu ta fi ban dariya. Na nuna wa Baffa shafin a wayarsa, muna zaune ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, don nan ne kaɗai sabis yake tsayawa ya gaisa da mutane. Ya ƙura ido, ya matso da wayar, ya nesanta ta.

"Wannan alamar tambayar fa?"

Na leƙa. Duk inda na rubuta ɗan wane, harafin ɗ ya ɓace, alamar tambaya ta zauna a wurinsa. Haka ƙ, haka ɓ. Tun daga kakanmu har jariran bana, kowa da alamar tambaya a gaban sunan ubansa.

Baffa ya ce, "Au, shakkar asalinmu take yi? To ki gaya mata mu 'ya'yan halak ne, da shaidu aka ɗaura."

Na yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa bai yi ba. Ashe rumbun ne aka saita shi a kan haruffan da ba su san lanƙwasa ba. Layi ɗaya na gyara, haruffanmu suka dawo da ƙugiyoyinsu, Baffa ya ce yanzu ta yi hankali.

Daga nan na ƙara wani abu da nake taƙama da shi. A ƙarƙashin hoton kowa, shafin zai leƙa rumbu ya nemo duk wanda lambar mutumin take gurbin uwarsa ko ubansa, ya jero su, ya rubuta adadinsu. Na gwada da Baffa, 'ya'yansa suka zubo reras. Na gwada da Inna, mahaifiyata, ga ni nan a sama, ga ƙannena. Sai na danna Gwaggo.

Hotonta ya fito, wanda na ɗauke ta tana dariya da mayafinta ruwan goro. A ƙasa aka rubuta 'ya'ya, aka sa sifiri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gwaggo ba ta karanta boko, amma ta san lambobi sarai, da su take gane mai kiranta a waya. Na hango ta zaune cikin mata ranar taro, hotonta a bango kamar ƙofar ɗaki, da wannan ƙwan a ƙasansa, kuma ni da ta goya ce na haska shi.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in cire lambar Inna daga gurbin uwata in sa ta Gwaggo. Na faɗa wa Baffa, ya girgiza kai tun kafin in rufe baki. Ya ce nasaba ba a wasa da ita, gobe wani zai duba don aure ko gado, kada in rubuta abin da ba haka yake ba. Gaskiyarsa ce, duk da na ji haushinsa. Na ce to in ɓoye adadin a shafinta ita kaɗai. Ya ce matan gidan nan da suke gane an ƙara gishiri a miya tun daga zaure, su ne ba za su lura ba?

Na kira wata ƙawata da muka yi karatu tare, tana zaune a Rijiyar Zaki, ta fi ni hannu a harkar rumbun bayanai.

Ta ce, "Ke kin cika neman wahala. Kowane mutum uwa ɗaya gare shi, column ɗaya ne, gurbi ɗaya, shi ke nan."

Na ce, "Ke wa ya riƙe ki?"

Ta ce kakarta. Muka yi dariya, ta ce bari ta yi tunani.

Na koma dandalin nan na yi dogon bayani da Turanci. Na ce a wurinmu ana ba mutum yaro ya riƙe, ba don iyayen sun mutu ko sun kasa ba, sai don zumunci da kara, kuma yaron bai bar zama ɗan iyayensa ba. Kafin in sha ruwa an rufe tambayar, wai an taɓa yin irinta. Na bi inda suka tura ni, na tarar ana maganar yaron da kotu ta sauya wa iyaye, aka goge na da aka rubuta sababbi. Na yi tsaki na rufe kwamfutar.

Da na rasa ta yi, sai na je wurin masu abin. Na sami Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu ta ce "ke", in tana ba wani labari ta ce "'yar Gwaggo".

Na ce, "Inna, a abin nan da nake haɗawa, ƙarƙashin wa zan sa kaina?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni kike tambaya? Je ki tambayi uwarki."

Na tafi ɗakin Gwaggo, na same ta tana gyara zogale. Ban gaya mata zancen sifiri ba, na dai ce ana rubuta kowa da uwarsa.

Ta ce, "To mene ne abin tambaya? Wadda ta yi naƙuda tana can tana ɓarar gyaɗa. Ni riƙo na yi. Miƙo mini faifan can."

Na fito ina dariya ina kuma jin ƙwalla. Kowacce ta tura ni wurin 'yar'uwarta, kowacce kuma gaskiya ta faɗa. Ina tsaye a tsakanin ɗakunan biyu ƙawata ta kira, ta ce ta gano, abu biyu nake son cusawa a gurbi ɗaya. In bar gurbin uwa yadda yake, in yi wani tebur daban, ƙarami, mai gurbi biyu kacal: lambar wanda ya riƙa, da lambar wanda aka riƙa. Ta haka mutum ɗaya zai iya riƙon yara da yawa, yaro ɗaya kuma zai iya bi ta hannu biyu ko uku.

Yin teburin bai ɗauke ni komai ba. Cika shi ne aiki. Na bi gida-gida ta cikin gonaki ina tambayar wa ya riƙi wa, sai ga shi kusan babu wanda ya tashi a ɗakin da aka haife shi daga farko har ƙarshe. Baffa kansa, mai tsaron nasaba, ashe a hannun matar kawunsa ya girma, kuma da na tambaye shi sai da muryarsa ta canja. Waɗanda Gwaggo ta riƙa kuwa suka yi ta fitowa: ni, da babban ɗan Baffa, da wasu 'yan biyu da uwarsu ta yi doguwar jinya, da wata marainiya 'yar maƙwabta da ta aurar daga ɗakinta, da wani da yake tuƙin tirela yanzu, wanda ya turo saƙon murya yana rantsuwa in ba a sa shi ba ba zai zo taron ba.

Sai na gyara tambayar da shafin yake yi wa rumbu, ta riƙa leƙa tebur biyun ta haɗo. Adadi ɗaya ne a ƙarƙashin hoton kowa. A gefen kowane suna ne kawai ake rubuta haihuwa ko riƙo da ƙananan haruffa. Baffa ya duba ya ga nasaba tana nan ba a taɓa ta ba, ya ce to, ba laifi, wanda a bakinsa yabo ne babba.

Ranar taro aka shiga wani aji na firamaren ƙauye bayan la'asar, aka toshe tagogi da tabarmi don hoton ya fito. Maza a gaba, mata a baya, yara ko'ina. Ana danna mutum ina karanta sunayen, ana ta shewa da tsokana. Wani tsoho ya ce a ƙara duba nasa, yana zargin an rage masa ɗaya. Daga nan na danna Gwaggo.

Hotonta ya cika bango, da shida a ƙasansa. Na karanto su ɗaya bayan ɗaya. Mai tirela ya miƙe ya ɗaga hannu kamar an kira shi a filin ƙwallo, wata ta rangaɗa guɗa, Inna tana gefe ta ja mayafi ta rufe baki. Na juya ina neman fuskar Gwaggo, ina jiran in ga ta yi dariyar nan tata.

Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "Saura ɗaya."

Kowa ya juyo yana kallonta. Ta ce akwai yaron ƙanin mijinta, wanda aka kawo mata tana amarya, shi ne na farko. Ƙyanda ta ɗauke shi tun bai isa kaciya ba. Iyayensa sun daɗe da rasuwa, waɗanda na bi ina tambaya kuwa rayayyu suka lissafa mini. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ya tuna shi, Allah ya jiƙansa. Aka amsa da amin.

Na ce, "Gwaggo, yaya sunansa?"

Ta faɗa a hankali, sai da na matsa kusa na ji. Na buɗe sabon layi a gaban kowa na rubuta shi, ba hoto, ba gari, na haɗa lambarsa da tata a ƙaramin teburin. Sabis ya yi ta juyi kamar ba zai tafi ba. Can shafin ya sabunta, shida ta koma bakwai.

Gwaggo ta kalli lambar, ta gyaɗa kai, ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Yawwa. Ki sa shi a sama, shi ne babba."